Ɗakin da Ƙuda Ya Daina Shiga

Assalamu alaikum Ummina,

Lokacin da za ki ga takardar nan na san kin riga kin isa, kin shimfiɗa zanin gado, yunwa ta fara taɓa ki, don cikin ledar ƙuli-ƙuli na cusa ta. Na san nan hannunki zai fara zuwa kafin littafi. Ina fatan motar Funtua ba ta jijjige miki hanji ba, kuma gadon ƙasa aka ba ki ba na sama ba, saboda wannan juyin barcin naki. Allah ya tsare min ke, ya haɗa ki da abokan zama nagari, ya raba ki da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Babanki yana sa miki albarka. Kakarki Iya kuma tun kina gida ta fara kukan tafiyarki, kin dai gani da idonki.

Da makarantar nan taku tana barin waya, wallahi da saƙon murya kawai za ki ji ya faɗo miki, dogo kamar hanyar Maska. To an hana. Ga ni da biro, yatsuna sun saba da latsa gilashi, har sun fara ciwo tun ban je ko'ina ba. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Kuma kin san ke 'yar fari ce, ba dama in zaunar da ke a tsakar gida in yi ta zuba a gaban Iya, sai a ce Bilki ba ta da kunya. Shi ya sa ma kika taso kina ce min Anti. A takarda dai ba mai hararata.

Magana ɗaya ce zan yi miki, kan Turanci. Kar ki yi dariya. Na san a gidanmu an gama yanke hukunci cewa kin iya, ni ma haka aka yanke min a da. Maganar kuma ta haɗa da ɗakin shiru, tsohon ɗakin Iya na kusa da rijiya, wanda ku yara kuke wucewa da gudu ko da rana tsaka. An ce muku mutanen ɓoye ne suka karɓe shi. Zan gaya miki abin da na sani, ki ajiye shi kusa da abin da kika ji, in kin yi karatu ki auna da kanki.

Bari in fara daga makaranta. Ni a Tsiga na yi tawa, na tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare. Ba wanda ya cire ni, ni ce na ga kamar na gama iyawa. Yadda ake koya mana, malam ya karanta layi, mu maimaita gaba ɗaya da ƙarfi har kwano yana amsawa. Duk ajin ba mai bakina. Yadda malam ya lanƙwasa harshe haka nake lanƙwasawa, in baƙi sun zo ni ake miƙar wa in karanta. Ranar auna fahimta kuwa, wato a ba ka labari da tambayoyi a ƙasa, ina da dabarata. Sai in duba kalmar da ta fi tsawo a cikin tambaya, in bi labarin da yatsa har in gano inda take, in kwafe layin nan daga ɗigo zuwa ɗigo. Maki kuwa yana zuwa. Ummi, akwai wani labari da muka yi ta nanatawa a aji biyu, har yau in ina wanke-wanke sai in ji bakina yana rera farkonsa shi kaɗai. Ban san ko labarin mutum ne ko na kogi ba. Yana nan zaune a bakina shekara da shekaru kamar baƙon da bai taɓa faɗin sunansa ba.

To ke kar ki yi haka. In kin karanta abu, kife littafin a cinyarki, ki faɗa wa kanki da Hausa abin da aka ce, kamar kina ba ƙaninki labari. Wa ya yi? Me ya yi? Ya riga ya yi ne ko zai yi? In kin kasa, ba ki karanta ba, bakinki ne kawai ya yi motsi. Ki koma farko. Ko da an ba ki maki goma bisa goma, in ba za ki iya mayar da shi Hausa ba, makin na yatsanki ne ba naki ba.

Sai darasin nahawu. Shi kam a bayan aji nake zama ina yi wa ƙawata kitson kalba a ƙarƙashin hijabi. A ganina Turanci shi ne manyan kalmomi, irin waɗanda in ka faɗa sai an juyo. Ƙananan nan masu harafi biyu uku, tsallake su nake kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Ashe su ne suke riƙe da maganar. Su ke gaya maka an ce ka yi ne ko an ce kar ka yi, kafin ne ko bayan, ciki ne ko waje. Babbar kalma sunan abu kawai take faɗa miki. Ƙaramar ita ke gaya miki ko abin zai cinye ki. In malamarku ta shigo da nahawu, komai gundurar da zai yi miki, ki matsa gaba ki zauna inda take ganin idonki.

Kuskure na gaba sai da na yi aure, lokacin Babanki ya fara saya min babbar waya. Kin san garinmu, sabis sai an hau tudun bayan gida an ɗaga hannu. Wata rana da hantsi ina can sai na ga an sa hoton Murja, ƙawar tawa da nake yi wa kalba, sun koma Zariya da daɗewa. Ta sha lalle, ta yafa gyale, tana murmushi. A ƙasa yayanta ya yi dogon rubutu da Turanci. Na karanta shi fa, har a fili na karanta, don daɗin bakina. Na ga sunanta, na ga sunan Allah, na ga lalle, shi ke nan na haɗa. Na rubuta, "Amarya kin sha kyau, Allah ya sanya alheri, ina ankon namu?" Na jera fuskokin dariya a baya. Ina saukowa data ta ƙare.

Sai washegari da na samu na hau, na tarar da saƙon wata 'yar ajinmu. "Bilki, ki je ki goge. Sanarwar rasuwa ce." Na buɗe. Sama Allah ya jiƙanta, ƙasa Allah ya jiƙanta, ga nawa a tsakiya yana ta dariya, ga Murja tana kallona da murmushin nan. Ba wanda ya zage ni. Yayan nata ma amsa ya ba ni, ya ce ta gode.

Ki kiyayi hoto, Ummi. Hoto yana sa mutum ya ɗauka ya gane. Littattafanku cike suke da hotuna, kar ki bari idonki ya gudu can ya ƙirƙiro labari, rubutun yana gefe yana faɗin wani abu daban. Ni da na ɗauki darasi a kan Murja, da maganar ta tsaya a kunya. Ban ɗauka ba. Na goge, na ci gaba da zama mai Turancin gida.

Wata shekara kina ƙarama, an yaye ki kin koma kwana wurin Iya, masara ta yi albarka irin wadda ba a saba gani ba. Rumbu ya cika, sito ya cika, sauran buhuna aka rasa inda za a kai. Sai aka jera su a ƙuryar ɗakin Iya, labule ne kawai tsakaninsu da gadonta. Baffanki Lawal, yayan Babanki, ya dawo daga kasuwa da wani ɗan gwangwani mai ƙwayoyi masu launin toka a ciki, irin wanda ake jefawa a buhu don ƙwari. Mai shagon ya ce masa a ƙulle a tsumma a tura tsakiyar buhu. Amma Baffa mutum ne mai son tabbaci. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ina amaryarmu 'yar boko? Zo ki fasa mana wannan, kar mai shago ya yi mana wayo."

Na goge hannu na zo. Matan gida suka bar daka. Na ɗaga gwangwanin na fara, tun daga sama har ƙasa, ba inda na tsaya. Iya ta riƙe haɓa ta ce, "Ku ji 'yar nan, kamar an kunna rediyo." Baffa ya ce ai ƙaninsa ya yi dace, shi da ya auro likita a kuɗin sadaki ɗaya. Aka yi dariya. Kaina ya yi girma.

Sai ya ce, "To me suka ce?"

Na gane kalmar hatsi. Na gane ƙwari. Na gane rufewa. Ga hoton buhu a jiki, ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. Na ce sun ce a sa a buhu a ɗaure, a rufe sosai, kuma kar yaro ya ci. Ya gyaɗa kai. Har ya juya sai ya waiwayo. "Iya fa? Za ta iya kwana da su a ɗaki?"

Na sake kallon gwangwanin, na ɗan karkatar da kai kamar mai nazari. Na ce, "Ba su hana ba."

Ban yi da niyyar ƙarya ba. Ban ga hani ba, don ba abin da nake gani. Abin da ya kamata in ce shi ne ban gane ba. Amma an gama kirana rediyo a gaban kowa, bakina ya ƙi.

Ƙuda ne ya fara barin ɗakin. Lokacin kaka, gida duk ƙuda, amma kana ɗaga labulen ƙofar Iya sai ka ji tsit. Iya har murna take, ta ce sauro ma ya yi mata sallama. Ni kuma lokacin ina da ƙaramin ciki, kasala ta yi min yawa, sai na mayar da ɗakin wurin barcin ranata, tunda nan ne kaɗai ba abin da zai sauka a fuskarka. Daga nan gyaren da ke kuka a bayan randa ya yi shiru. Wata safiya ina shara na ga layin tururuwa ya taso daga bakin ƙofa ya nufi ƙurya, suna nan a jere yadda suke tafiya, amma ba mai motsi. Na sa tsintsiya suka taho kamar garin barkono. Kyanwar Iya, wadda a kan ƙafarta take kwana, ta koma zama a bakin rijiya tana kallon ƙofar. In an ɗauke ta an shigar, sai ta yakushi mutum ta fice.

Sannan tsaka suka fara faɗowa. Da rana tsaka, kana kwance, sai ka ji tim a kan gado, ko a cikin kwano. Ba gudu, ba yarfa wutsiya. Akwai wani wari kuma, kamar an daka tafarnuwa an manta da ita, alhali ba mai girki da ita a gidan. Iya ta fara cewa kanta na sarawa, kuma in ta kwanta kamar wani ya zo ya zauna mata a ƙirji. Ke kuma kika daina cin abinci. Wata rana kika kama zanina kika ce, "Anti, ɗakin Iya ba ya magana." Daga bakinki sunan ɗakin shiru ya fito, ke ba ki sani ba.

Ranar da aka tarar da kazar Iya a ƙarƙashin gado, kwance a kan ƙwanta yadda ta saba, ido buɗe, jiki ya sandare, gida ya gama yarda cewa an shigo mana. Ni me na yi? Tudu na hau. Na yi saƙon murya a guruf ɗinmu na mata, na zayyana komai. Amsoshi suka yi ta zubowa. Wannan ta ce iskoki ne, haka aka yi a gidan yayarta. Waccan ta ce a yi hayaƙi, a toshe taga da tsumma kar su samu hanyar dawowa. Wata ta ce a juya madubi. Duk cikinsu ba wadda ta tambaye ni me aka ajiye a ɗakin, ni ma ban tambayi kaina ba. Muka yi addu'o'i, wannan daidai ne, har gobe ina yi. Amma muka toshe tagar. Ni da hannuna na cusa tsohon zanina a kafar da ta rage, dama lokacin sanyi ya fara shigowa, Iya ta ce Allah ya yi min albarka.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Na dama kunu na kawo muku. Na yi sallama ba a amsa ba. Na shiga. Ummi, ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har bugun zuciyata nake ji a kunne. Ga labulen ƙurya a tsaye ƙyam, ga buhunan a bayansa sun yi sahu kamar mutane suna jiran a tayar da salla. Iya tana zaune a kan sallaya ta jingina da bango, carbi a hannu, ido rabi a buɗe, amma yatsun ba sa ja. Ke kina kwance a gefenta, kin yi amai, leɓenki ya canza launi. Ina tsaye tsaka ta faɗo cikin kunun. Na ji ƙafafuna sun yi nauyi, wani abu yana ce min in ɗan kwanta kawai in huta. Ban san yadda na yi ba, na dai ga na jawo ki ta hannu har tsakar gida, ina kiran Babanki da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba.

A asibiti a Malumfashi, wata babbar nas ce ta karɓe mu, Sista ake ce mata. Tana cire wa Iya mayafi sai ta kai shi hanci. Ta ce, "Me kuka ajiye a ɗakin da suke kwana?"

Baffa ya ce, "Ba komai, Hajiya. Masara ce kawai."

"Masarar da me a cikinta?"

Babanki ya hau babur ya koma ya ɗauko gwangwanin a ƙulle cikin leda. Sista ta juya shi ta ce, "Duk gidan ba mai karatu ne?" Baffa, Allah sarki, har a lokacin da alfahari ya nuna ni. "Ga ta nan. Ita ta karanta mana, tas."

Ta miƙo min. Ta ce in karanta. Na karanta mata a barandar asibiti, ba ko tuntuɓe. Ta bari na kai ƙarshe. Sai ta ce, "Na ji. Yanzu faɗa min da Hausa."

Shirun da na yi irin na ɗakin ne.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta jawo ni gefe, ta ɗora yatsana a kan layin, muka bi shi kalma kalma. An ce kar a yi amfani da shi a ginin da mutum ko dabba ke kwana, ko da bango ne ya raba. An ce yana fitar da iska mai kisa wadda ba a gani. An ce in an ji wari irin na tafarnuwa a fita. Duk yana nan. Kuma wallahi layin hanin nan shi ne wanda ya fi min daɗin faɗa a tsakar gida, don yana da wata doguwar kalma da na ja ta har Iya ta riƙe haɓa.

Allah ya tashe ku, ke da Iya. Kin sha tambayata me ya sa tsakaninki da ƙaninki akwai nisa haka. Cikin nan bai zauna ba. Na tambayi Sista ko barcin ranar da na yi ta yi a ɗakin ne, ta ce ba za ta ce shi ne ba, ba za ta kuma ce ba shi ba ne. A nan na bar maganar, Allah ne masani.

Abin da ya fi ba ni tsoro sai da muka dawo gida. Ban ɓoye ba. Na tara su na ce gwangwanin nan ne, an rubuta a jiki, ni ce ban gane ba. Iya ta dube ni ta ce, "Ke tafi can. A gabana kika karanta, ko gargada babu. Da akwai mugun abu a ciki ai da mun ji a muryarki." Baffa ya ce ciwo ne ya taɓa ni, a bar ni in huta. An fitar da buhunan don Sista ta ce a fitar, an sa wa ɗakin kwaɗo, Iya ta koma ɗan ƙaramin ɗakin nan mai yoyo da take ciki yanzu. Har yau in Baffa zai sa ƙwayar yana kaiwa siton bayan gida ne, amma cewa yake don kar amarya ta tayar da hankalinta. Kin gani? Na iya karatun da har ya hana a yarda da ni.

Da na so in bar maganar nan sai kin girma. Makon jiya ne ya hana ni. Ina zaune a bakin murhu ina duba waya, sai na ji Baffa ya shigo da kwalbar maganin feshin wake yana cewa, "Ina takwarar Iya, 'yar makarantar kwana? Zo ki fasa mana wannan." Kika zo da gudu. Kika ɗaga kwalbar. Ummi, muryata na ji. Yadda nake jan kalma haka kika ja, inda nake ɗaga murya nan kika ɗaga. Iya ta riƙe haɓa ta ce, "Ta ma fi uwarta." Baffa ya ce, "To me suka ce?" Na ga idonki ya sauka kan hoton ganye. Na ga kin karkatar da kai. Sai wayar ta suɓuce min cikin toka.

Kika ce, "Sun ce a fesa."

Kin tuna na taso na karɓe kwalbar, kika yi fushi kika ƙi cin tuwo, kin ɗauka na kunyata ki ne. Ba haka ba ne, 'yata. Hotonta na ɗauka na tura wa wata malama da muke guruf ɗaya, muka bi ta layi layi. Akwai maganar rufe hanci da baki, akwai kwanakin da za a jira kafin a ci waken, akwai kar a wanke kwalbar a inda ake ɗiban ruwa. Baffanki kuma kin san a bakin rijiya yake wanke komai.

Ba laifinki ba ne. A wurina kika ji, kuma yabo yana da daɗi. Amma ki sani daga yanzu duk takardar da ta shigo gidan nan ke za a nema, ta asibiti, ta taki, ta maganin ƙaninki. Abin da kika ce an ce, shi za a yi. Don haka ki koyi faɗin ban gane ba. Ki faɗa a aji ko za a yi miki dariya, ki faɗa wa malama, ki faɗa wa Baffa a tsakar gida ko da matan gida sun bar daka suna kallonki. Ni yanzu ita ce maganar da na fi rubutawa a waya, har 'yan guruf sun sa min suna Hajiya Ban Gane Ba. Ina amsawa. A hankali ina tsintar abin da na tsallake, da girmana. Ƙamus ɗin da ke ƙasan akwatinki na Turanci da Hausa ne, ki yi ta buɗa shi har ya yage, zan sayo wani. Kuma in ƙawa ta ce ki fassara mata abu, inda kika sani ki faɗa, inda ba ki sani ba ki ce nan ban sani ba. Kar ki cike gurbin da abin da ya yi kama.

Ga aikin da nake so ki yi min. Hoton gwangwanin nan yana wayata, duk wayar da na canza sai na tura shi. Na kwafe rubutun a bayan takardar nan, harafi harafi. Kar ki ba wata ta fassara miki shi a dunƙule. Ki riƙe shi, duk abin da aka koya muku ki dawo ki duba ko ya buɗe miki wani layi, ƙananan kalmomin nan musamman. In kin zo hutu kin gane shi da kanki, za mu shimfiɗa wa Iya tabarma a ƙofar ɗakin shiru, ki faɗa mata da Hausa, a hankali, ba jan murya. Ke takwararta ce, abin da ta ƙi ji a bakina za ta ji a naki. Tsohuwar nan tana son ɗakinta, kullum in za ta alwala sai ta tsaya ta kalli ƙofar. In kuma hutun ya zo ba ki gama ganewa ba, ki ce min ba ki gama ba. Wannan ma zai faranta min.

Jiya na karɓi makulli a wurin Babanki na ce zan duba ko rufin na zuba. Da hantsi na shiga, ni kaɗai. Zanina yana nan cushe a taga, ya yi baƙi. Na zare shi, haske ya shigo. Na daɗe a tsaye ina saurare. Can sai na ji ƙuda ya wuce ta kunnena, na ɗaga kai na ga tsaka a jikin bango, ƙatuwa, tana kallona. Kin san kowa a gidan nan da takalmi yake bin ta. Ni dai sannu na yi mata.

Allah ya kwanar da ke lafiya ya tashe ki lafiya. Allah ya sa abin da zai shiga bakinki ya fara bi ta zuciyarki. Ki riƙe salla, ki riƙe addu'o'in da Iya ta koya miki, ki bar taga a buɗe. In kin shiga ɗakin kwananku ki ɗaga kai ki duba min bango. Ina roƙon Allah ya sa akwai tsaka.

Taki,
Anti Bilki, wadda ta haife ki